Ɗan Kududdufi a Bayan Gida: Yadda Ake Haƙa Shi da Yadda Ake Kallon Baƙinsa

Duk mazaunin Kaduna ya san daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Unguwar da ta yi wata biyar shiru sai ta ɗauki kukan kwaɗi tun magariba har asuba, kamar daga sama aka zubo su. Suna nan tun rani, a ƙarƙashin bulo, a gindin randa, a ramukan bakin kwata, suna jiran ruwan da zai kwanta. Mazari ma yana shawagi ne yana neman inda zai sa ƙwai. Shi ya sa ɗan kududdufin bayan gida ba ya buƙatar ka je rafi ka kamo komai. Ka tanadi ruwa mai tsabta da gefe mai gangara, ka hana guba shiga, sauran za su kawo kansu.

Abubuwa huɗu ne ke sa maigida ja da baya, kuma yana da gaskiya: sauro, tsargiya, faɗawar yara, da maciji. Kowanne akwai yadda ake yi da shi, za mu zo kansa a wurinsa. Amma tun yanzu, gidan da ke da yaro mai rarrafe ko mai tatata, kuma ba za a iya killace wurin ba, a haƙura sai ya girma. Ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba yana iya kashe yaro, kuma ba a jin ihu.

Mataki na farko: wurin

Nemi inda rana ke samu awa biyar zuwa shida, musamman ta safe, sannan inuwar katanga ta rufe shi da la'asar. Bado ba ya fure a inuwa, mazari kuma ba ya zama inda babu rana. Amma ranar Maris da Afrilu in ta wuni a kan ruwa mara zurfi, sai ya yi ɗumi kamar na wanka, iskar da ke cikinsa ta ragu, gansakuka ta cinye shi.

Ka nisanci gindin darbejiya da mangwaro. Ganyensu na zuba ya ruɓe a ƙasan ruwa, saiwarsu na bin danshi, ganye da 'ya'yan darbejiya kuma suna da sinadarin da ke kashe ƙananan ƙwari, ga shi ƙwarin nan kake son gani. Ka bar aƙalla mita 3 tsakaninsa da ginshiƙin gida, ka kuma nisanta shi da sokawe, da masai, da wurin wanki. Kada ka zaɓi kwarin tsakar gida inda duk ruwan gida ke taruwa, ko da yake nan ne ido ke fara kaiwa. Ruwan da ya biyo tsakar gida yana ɗauke da omo, da toka, da kashin kaji, da maganin feshi.

In gidan haya ne, a nemi yardar mai gida. A kuma sanar da maƙwabci, domin kukan kwaɗi a watan Yuni ba ya tsayawa a katanga.

Mataki na biyu: haƙa

Tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin tsakiya santimita 60. Wannan ya isa, kuma yana cin kusan lita 1,000, wato jarka 40 mai lita 25. Ƙasar Kaduna a wurare da yawa ja ce mai marmara, da rani diga ma tsalle take yi a kanta. A jira ruwa biyu ko uku su sauka, ko a jiƙa wurin a kwana.

Siffar ramin ta fi girmansa muhimmanci. Kada a haƙa shi kamar tankin kiwon tarwaɗa, bango a tsaye ta ko'ina. Irin wannan ramin tarko ne: ƙaramin kwaɗo ba zai iya fitowa ba, tsuntsu ba zai samu wurin tsayawa ba, bushiya in ta faɗa da dare sai gawa. A yi shi hawa uku. Gefe ɗaya, wanda ya kai sulusin faɗin kududdufin, ya gangara a hankali daga busasshiyar ƙasa zuwa zurfin santimita 10, a zuba masa tsakuwa. Sai dakali mai zurfin santimita 25 zuwa 30 da faɗin taƙi biyu, inda tukwanen tsirrai za su zauna. Sai tsakiya mai santimita 60, inda ruwa ke zama da sanyi da bazara. Mafi yawan abin da za ka kalla a gangaren nan zai faru, don haka kada a yi masa rowar wuri.

Bakin ramin ya zama daidai ta ko'ina. A aro farin tiyon da magina ke awon lebur da shi, a duba kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya fi tsawo da santimita 5 kacal, tampol zai fito fili a can, rana ta ci shi. Da ƙasar da aka haƙo a ɗaga bakin santimita 8 zuwa 10 sama da tsakar gida, sai a bar wuri ɗaya ƙasa kaɗan, a shimfiɗa masa duwatsu, ya zama mafitar ruwa zuwa magudana. Kaduna na samun sama da milimita 1,000 na ruwan sama a shekara, kuma Agusta da Satumba ne suka fi. In ba ka yi masa hanya ba, zai yi wa kansa, watakila ta ƙofar ɗaki.

Mataki na uku: tampol ko siminti

Masu sayar da kayan kiwon kifi suna da tampol mai kauri da kuma baƙar leda ta musamman ta shimfiɗa a tafki. A nemi mai kaurin rabin milimita zuwa sama. Ledar rufe kaya ta kasuwa ba ta kai damina ɗaya. Lissafin girma kuwa: tsawo, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara santimita 60 na baki. Namu zai zama 2 da 1.2 da 0.6, wato mita 3.8, faɗi kuma mita 3.3. A sayi mita 4 da 3.5, a huta.

Kafin a shimfiɗa, a tsince duk tsakuwa mai kaifi da saiwa da fasasshiyar kwalba, a zuba yashi mai laushi kaurin santimita 5, a ɗora tsofaffin buhunan roba. Kada a sa kwali, gara ce za ta zo. A shimfiɗa tampol ba tare da ja ba, a fara zuba ruwa, nauyinsa ya kwantar da shi, ana gyara ninki da hannu, babu takalmi. Sai ya cika ya kwana biyu sannan a binne bakin a rufe da duwatsu. Wanda ya binne baki tun kafin ruwa ya cika zai ga tampol ya ɗame, a nan yake fara yagewa.

Siminti ya fi daɗewa, amma yana da sharaɗi. Sabon siminti na sakin sinadari mai kama da na farar ƙasa, wanda ke ƙona fatar kwaɗo da kifi. A yi filasta da siminti kwano ɗaya, yashi uku, a riƙa jiƙa ta mako guda don kada ta tsage, sannan a cika da ruwa a bar shi kwana huɗu ko biyar, a kwashe, a goge bango da burushi, a sake. Sau uku zuwa huɗu. Ba a sa komai mai rai sai bayan nan.

Shinge kuwa, tun kafin a zuba ruwa ake kafa shi: tsayin mita 1.2, tazarar sanduna ba ta wuce santimita 10 ba, da ƙofa mai sakata a sama. Masu walda a kasuwar Panteka za su haɗa maka shi, ko su yi maka ragar ƙarfe mai ƙwari da za a ɗora a kan ruwan, wadda za ta ɗauki nauyin yaro.

Mataki na huɗu: ruwa da tsirrai

Ruwan sama ya fi kowane. A bar ruwa biyu na farkon damina su wanke ƙurar kwano, sannan a tara na indararo. Ruwan rijiya ko burtsatse ma ya yi. Na famfo yana iya zuwa da sinadarin kilorin, a bar shi a buɗaɗɗen duro kwana biyu.

Tsirrai uku sun isa. Bado ɗaya, a dasa shi a kwando ko bokitin da aka huhhuda, da laka mai nauyi, a rufe saman da tsakuwa, a ajiye a zurfin santimita 30 zuwa 50. Ba a sa taki ko kashin shanu, shi ne ke mayar da ruwa kore cikin mako. Farin bado da dare yake buɗewa ya rufe da hantsi, mai shuɗin fure kuma da rana, saboda haka mai zuwa aiki da safe ya fi morar farin. Na biyu, ciyayin bakin fadama masu tsayawa a miƙe, irin su jiji da aya-aya, a tukwane a kan dakali. Kada a raina su: a jikinsu ɗan mazari ke hawa ya fita daga ruwa. Na uku, kainuwa kaɗan. An ce kainuwa dashen Allah, kuma za ka gane dalili, domin guda biyar sai su rufe kududdufin cikin 'yan makonni. Kada ta wuce sulusin fuskar ruwa. Saiwarta ma maɓoyar wasu irin sauro ce, don haka in ta fara yawa a kwashe.

Kachalla kada ta shigo. Ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, kuma saiwarta na huda tampol. Duk abin da aka kwashe daga kududdufi a shanya shi ya bushe a ƙona ko a binne, kada a zuba a magudanar da ke kaiwa Kogin Kaduna.

A nan ne maganar tsargiya ta shigo. Ƙwayar cutar ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Sai mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ta shiga wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta hayayyafa a cikinsu, sannan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. Kududdufin da aka cika da ruwan sama ba shi da ita. Hanyar da take shigowa ita ce tsiron da aka ciro daga kududdufin unguwa ko bakin dam, da dodon koɗi manne a ganyensa. Saboda haka: mai cirowa ya sa takalmin ruwa da safar hannu ta roba, a wanke tsiron tas, a yar da lakar da ya zo da ita, a duba bayan kowane ganye a kankare dodon koɗi da ƙwansa, wanda yake kamar ɗigon majina mai haske, a ajiye tsiron a bokiti mako biyu ana dubawa ana sauya ruwa. Kada a kawo bokitin laka ko ruwan wani kududdufi wai don a gaggauta. A kuma hana yara fitsari a ciki. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, maganin praziquantel na kashe ta.

Sauro: watan farko

Gaskiyar magana, sauro na riga masu cinsa zuwa. Sauron zazzaɓin cizon sauro ma sabon ruwa mai haske mara zurfi yake so, irin gangaren da muka ce a yi. Da zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne. Don haka dubawa sau biyu a mako wajibi ce a watan farko, sannan sau ɗaya a mako bayan nan. Wanda ba zai iya wannan ba, ya sa kifi tun ranar farko, ko ya bar aikin.

Ga yadda ake dubawa. Ka ɗauki farin ludayin roba, ka zo ta inda inuwarka ba za ta faɗa kan ruwa ba, domin tsutsar sauro na ganin inuwa take nutsewa. Ka tsaya minti ɗaya, ka ɗebi saman ruwa a wurare goma na gefe, musamman tsakanin ciyayi. Tsutsar da ke kwance a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, kamar tsinke, ta sauron zazzaɓi ce. Wadda ke rataye kai ƙasa, da ɗan bututun numfashi a gindi, ta sauron kwata ce, wanda ƙwansa ke yawo a dunƙule kamar ɗan ɓurɓushin gawayi. In ka ga mai dunƙulen kai kamar waƙafi, tana wuntsila gudidi, to saura kwana ɗaya ko biyu ta tashi.

In sun yi yawa, a tace su da rariya a zubar a busasshiyar ƙasa, a rage ciyayin da suka cunkushe gefe. Akwai maganin Bti, wanda ake yi da ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar sauro ta ƙyale kwaɗi da mazari. In an samu shi ne ya fi. Ɗan famfo mai aiki da hasken rana wanda ke motsa saman ruwa yana taimakawa. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai ko fiya-fiya. Za su kashe masu cin sauron gaba ɗaya, bayan mako biyu sauro ya dawo ya tarar da fili babu kowa.

Kifi kuwa ciniki ne. Ƙananan kifin ado huɗu zuwa shida, irin gofi da masu sayar da kifin gilashi ke da shi, za su share tsutsar sauro, amma za su ci ƙwan kwaɗi da ƙananan 'ya'yan mazari, abin kallo ya ragu. Karfasa na hayayyafa ta dama ruwa ta ci tsirrai. Tarwaɗa ɗaya kuwa ta isa ta mayar da kududdufin kango. Kuma in ana neman inda sauron gida ke fitowa, a fara duba tsohuwar taya da gwangwani da kaskon kaji, galibi su ne masu laifin.

Kayan kallo, da yadda ake tsoma rariya

Rariyar roba ta kicin, a ɗaure ta a sanda mai tsawon mita ɗaya. Farar roba mai faɗi, ko farin faranti mai zurfi. Cokalin roba. Madubin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo da waya. Tocila, littafi da biro. Kada a ɗinka koma da gidan sauron da ake rabawa. Da maganin ƙwari aka saƙa shi, kuma maganin guba ne ga kifi da ƙwarin ruwa ko an wanke shi.

Ka fara zuba ruwan kududdufin a farar robar, zurfin yatsa biyu, ka ajiye a inuwa. Ka ja rariyar a hankali cikin ciyayi da ƙarƙashin ganyen bado, sau uku, ba tare da kwasar laka ba. Ka kife ta a cikin robar, ka jira minti biyu. Da farko za ka ce shara ce kawai. Sai sharar ta fara tafiya.

Mai kaurin jiki, launin laka, da manyan idanu da ƙafa shida, shi ne ɗan mazari. Taɓa shi da cokali, sai ya harba gaba kamar an tunkuɗa shi: ruwa yake zuƙa ta dubura ya feso. Sa masa tsutsar sauro ɗaya a gabansa ka zuba ido. Leɓensa na ƙasa a naɗe yake a ƙarƙashin fuska, sai ya miƙa shi ya cafko ta kafin ƙiftawar ido. Siriri mai abu uku kamar ganye a wutsiya ɗan ƙaramin mazari ne, wanda babbansa ke haɗe fikafikai in ya sauka, alhali babban mazari a buɗe yake barin nasa.

Mai iyo a rigingine, da dogayen ƙafafu biyu kamar filafilin jirgin ruwa, yana cikin waɗanda ke fara zuwa, da dare yake tasowa ya faɗo. Shi ma macin tsutsar sauro ne, kuma yana harbin yatsa. Baƙin ƙwaro mai sulɓi da ke ɗago gindi ya ɗauki ƙwallon iska ya koma ƙasa, mafarauci ne shi da tsutsarsa. Akwai mai kama da busasshen ganye da dogon tsinke a baya, kamar kunama. Tsinken na numfashi ne, ba ya harbi da shi. Wanda za a kiyaya shi ne ƙaton ƙwaron nan mai faɗi, launin ƙasa, da zai kai tsawon yatsa, wanda fitila ke jawowa da damina. Yana kama ɗan kwaɗo har da ƙaramin kifi, cizonsa kuma yana da zafi ƙwarai. Da cokali ake ɗaukar komai. Jajayen tsutsotsi kamar zare a cikin laka 'ya'yan wani ƙaramin ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo. Kaɗan ba komai, in sun yi yawa alama ce ruɓaɓɓen ganye ya taru.

Ɗiga ruwan a kan baƙin abu ka duba da madubi, za ka ga ɗigo-ɗigo masu tsalle. Wani irinsu ne ke ɗaukar kurkunu, ciwon da ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013.

Kada abin da ke cikin robar ya wuce minti goma sha biyar. A raba mafarauta da 'ya'yan kwaɗi, in ba haka ba a gabanka za a yi aika-aika. A nutsar da robar a mayar da su inda aka ɗebo su, a wanke hannu da sabulu nesa da kududdufin.

Wane lokaci, wane baƙo

Ka ajiye kujera wuri ɗaya, taku huɗu daga bakin ruwa, rana a bayanka, ka bar ta nan kullum. Minti goma na farko ba za ka ga komai ba, duk sun san ka zo. Bayan nan sai su manta da kai.

Bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, duba karan ciyayi. Da dare ɗan mazari ke hawowa, bayansa ya tsage, babba ya zaro kansa, ya rataya fikafikai su bushe. In ka makara za ka tarar da ɓawon kawai, cak a jikin kara, har da siffar idanu. Tara su a kwalin ashana ka ƙirga, su ne shaidar cewa a gidanka aka haife su. Wani irin mazari mai ruwan ɗorawa, mai bin hadari, yana kammala girma cikin mako shida zuwa takwas, shi ya sa yakan zama na farko.

Da hantsi tsuntsaye ke zuwa gangaren tsakuwa: kurciya, wadda ke tsoma baki ta zuƙe ba tare da ɗaga kai ba, saɓanin yawancin tsuntsaye, asisi mai shuɗin ƙirji, da ƙananan jajayen tsada. Busasshen reshe da aka kafa a gefe zai ba su wurin tsayawa su duba ko kyanwa na kusa. Daga ƙarfe goma zuwa uku na mazari ne. Jan namiji yakan kama tsinke ɗaya ya mayar da shi fada, ya kori duk wanda ya gifta ya dawo. Macen za ka gan ta tana dangwala gindi a ruwa, ƙwai take sawa. Zanzaro na zuwa ya dunƙula laka ya tafi gini, jan gwada na kai-komo a kan duwatsu.

Dare na kwaɗi ne. Sa takalmi rufaffe, haska inda za ka taka kafin ka taka. Riƙe tocila daidai idonka, za ka ga idanun gizo-gizo na ƙyalli a ciyawa. Kowane iri da muryarsa, kuma maza ne ke kuka. Mai gurnani mai tsawo shi ne kwaɗon gida mai ƙurajen fata. Mai sauti kamar ɗigon ruwa ya faɗa tulu ɗan ƙarami ne mai ratsi-ratsi, tafiya yake yi maimakon tsalle, kuma samunsa sai da haƙuri, domin muryar kamar daga wani wuri take fitowa. Masu ƙyas-ƙyas a saman ciyayi ba su wuce ɗan yatsa ba. Burduddugi kuwa ba a ɓata shi. Ɗauki kukan a waya. Manhajar iNaturalist na taimakawa wajen gane hoton ƙwari da kwaɗi, Merlin kuma ta tsuntsaye.

Washegarin ruwa mai ƙarfi, duba gangare. Dogon zare mai santsi da baƙaƙen ɗigo a jere kamar carbi, ƙwan kwaɗon gida ne. Cikin kwana biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe. Ƙafafun baya ke fara fitowa, sannan na gaba, wutsiya ta shanye cikin jiki, bayan 'yan makonni ka ga ƙananan kwaɗi kamar ƙudaje suna watsuwa a tsakar gida. Ba a ba su abinci, gansakukar jikin duwatsu ta ishe su. A makon fitarsu a roƙi uwargida a kulle kaji da agwagi.

Inda kwaɗi suke, maciji kan leƙo. A datse ciyawa kewaye da hanya, kada a tara bulo ko itace kusa, kada a zura hannu ƙarƙashin dutse. In an gan shi a ja da baya. In ya yi sara, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa: a hana gaɓar motsi a garzaya asibitin da ke da allurar dafin maciji. Gamsheƙa na tofi a ido; a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan asibiti.

In ruwa ya sauya

Ruwa ba ya tsami banza. In ya yi kore shar a watan farko, al'ada ce, a bar shi. Sauya ruwa na mayar da aikin baya. In ya wuce wata biyu, to abinci ya yi masa yawa, a nemo ta inda taki ko ruwan wanke-wanke ke shiga, a ƙara inuwa. Gansakuka mai zare a naɗe ta da sanda kamar taliya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ganye ya ruɓe a ƙasa babu iska: a kwashe rabin dagwalon, a sauya sulusin ruwa. In ka ga kifi ko 'ya'yan kwaɗi sun taru a sama suna haki da asuba, iska ce ta ƙare, domin da dare tsirrai ma shaƙa suke yi. A rage kainuwa, a zubo ruwa daga sama da bokiti. Mutuwar komai a dare ɗaya kuwa guba ce, a tambayi wanda ya yi feshi jiya, ko wanda ya ɗauraye bokitin wanki.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu ruwa na raguwa kamar rabin santimita ko fiye a yini, wato rabin jarka zuwa sama a kududdufi irin namu. In ya fi haka sosai, yoyo ne. A daina ƙari a bar shi ya sauka. Inda ya tsaya, a layin nan hudar take, a busar da wurin a like da facin tampol. Ƙurar hunturu da ke yin yana a sama, a shimfiɗa mata takardar jarida a ɗaga, sai ta biyo. Wannan lokacin ne kududdufin ya fi baƙi masu fikafikai, domin ruwa ya ƙafe a ko'ina: ƙudan zuma za su jeru a bakin tsakuwa, balbela na iya sauka, har da ɗan tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa mai kaɗa wutsiya da ke zuwa daga Turai ya yi hunturu a nan. Rubuta ranar da ka fara ganin kowanne, da ranar kukan kwaɗi na farko, da ranar da shamuwa ta bayyana, baɗi ka gwada.

Babban gyara sau ɗaya ne a shekara, a Fabrairu, kafin kwaɗi su dawo. A rage bado, a kwashe rabin laka kawai, a bar rabi. Duk abin da aka fitar a tara shi a bakin ruwa ya kwana, 'ya'yan mazarin da ke ciki su rarrafa su koma, da safe a kwashe.